Yalo Uku a Lambun Wubbo

"Sauke wuƙar nan, maƙwabciya!"

Na riga na kama yalon da hannun hagu, wuƙa tana dama, lokacin da Wubbo ya daka mini tsawa daga kan keken marasa lafiya. Mutumin da likita ya ce huhunsa guda ya daina aiki, amma sai da muryarsa ta tashi tsuntsayen da ke kan shinge.

"To, mene ne kuma?" na ce. "Ba kai ka ce in tsinko maka na miya ba?"

"Masu sheƙi na ce. Ba ki ga jan zare a wuyan wannan ba? Ko idon ma ya yi ritaya tare da ke?"

Na sunkuya na duba. Akwai jan zaren ulu kuwa, an ɗaure shi a hancin yalon. Shi kansa yalon ya dushe, baƙinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Na ga wasu biyu irinsa a gindin da ke gaba, kowanne da nasa zaren.

"Waɗannan ai sun wuce ci, Wubbo."

"Wa ya ce miki na ci ne? Na ci a cire shi yana ƙyalli kamar sabon takalmi. Na iri kuwa sai a bar shi ya tsufa a jikin uwarsa. Ya dushe, ya yi rawaya, ya yi muni har mutum ya ji kunyar a gan shi a lambunsa. To a sannan ƙwayar cikinsa ta ƙosa."

"Ashe kai ma ka kusa yin iri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na jira ya gama, na miƙa masa hankici, na gyara masa bargo a gwiwa. Makon farko na Satumba ne, rana tana nan amma ba ta da ƙarfi, iskar teku tana kaɗa ganyen kabeji a lambunan mutane.

Ni da Wubbo bango ɗaya ya raba gidajenmu shekara talatin da ɗaya. A filin ƙungiyar masu lambu da ke bayan layin dogo ma haka, nawa lamba arba'in ne, nasa arba'in da ɗaya. Ni na yi aikin raba wasiƙu har gwiwata ta ce ta gaji. Shi ya yi walda a wurin ƙera jiragen ruwa har aka rufe wurin. Matarsa ta rasu tuntuni, mijina ma haka, kuma kada wani ya kawo wani abu a ransa: ban taɓa sha'awar mutumin da ke shan gahawa da cokali a tsaye a cikin kofi ba. Gaisuwa muke yi ta kan shinge, mu yi musu, kowa ya koma gidansa.

A nan arewacin Groningen duk mai hankali dankali yake shukawa, da wake, da kabeji. Wanda ya matsa sai ya ci yalo, to ya gina ɗakin gilashi ya shuka a ciki, don yalo ɗan zafi ne, mu kuwa bazararmu wata uku ce idan an yi sa'a. Wubbo ya ƙi gilashi. Wani abokin aikinsa Baturke, Nevzat, shi ya ba shi ƙwayoyin farko a cikin kwalin ashana, ya ce masa, "Karɓi, amma a ƙasarku ta ruwa da iska ba zai yi ba." Wubbo kuwa idan kana so ya yi abu, ce masa ba zai yiwu ba. Shekara goma sha tara ke nan yana shuka yalo a fili, iska na dukansa. Kowace kaka ya zaɓi wanda ya riga sauran nuna, ya cire irinsa, ya adana. A hankali yalon nasa ya koyi zama da mu. Ƙanana ne, ba su fi tafin hannu ba, amma suna yi.

Matsalar ita ce bazara biyu a jere ruwa ya yi ta zuba, ko ɗaya bai ƙosa ba. Bana da Maris ya juye gwangwanin irin gaba ɗaya a kan tebur, tsofaffin ƙwayoyi talatin da 'yan kai, ya shuka a tukwane a bakin taga. Shida suka tsiro. Ya yi ta lallaɓa su har tsakiyar Mayu, lokacin da aka daina tsoron sanyin asuba, ya kai su lambu. Dodon koɗi ya cinye biyu. A watan Yuli na sha ganinsa durƙushe da buroshin haƙori mai batir yana karkaɗa furanni ɗaya bayan ɗaya don su yi 'ya'ya, wai ƙudan zuman garin nan malalata ne. A watan ne kuma aka gano abin da ke ƙirjinsa.

"Gwangwanin nan ba komai a ciki," ya ce mini ranar, ina tura shi a kan hanyar gida. "Ukun nan su ne duka. Idan suka tafi, shi ke nan, shekara goma sha tara ta bi ruwa."

"Sai yaushe za su ƙosa?"

"Tsakiyar Oktoba, idan raɓa ba ta daskare ba."

"Kai fa, likita ya ce yaushe?"

"Shi ma wajen nan ya nufa. Tsere muke yi." Ya ɗaga yatsa ba tare da ya waiwayo ba. "Ki kula mini da su, Jantina. Ba ruwa, ba taki, ba komai. Abu ɗaya nake so, kada kowa ya taɓa."

"Wa zai taɓa wannan munin?"

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Bayan kwana huɗu aka kawo gadon asibiti aka kafa a falonsa, dab da tagar da ke kallon titi, labule a buɗe kamar na kowa. Masu wucewa a keke su ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu idan ya ga dama. 'Yarsa Renske, wadda ke koyarwa a Utrecht, ta ɗauki hutu ta dawo. Nas tana zuwa safe da yamma. Ni kuma kullum ƙarfe huɗu in shiga ta ƙofar baya in ba da rahoto.

"Yaya launinsu?"

"Kamar tsohuwar jakar fata."

"Madalla. Ki danna da yatsa, suna lotsawa?"

"Ka ce kada a taɓa."

"Ke ba kowa ba ce, ke annoba ce. Danna a hankali."

To, ga inda na shigo da nawa. Kowace shekara farkon Oktoba kwamitin ƙungiya yana zagaya lambuna da takarda a hannu. Wanda ciyawa ta cinye masa fili ya sami wasiƙa, wasiƙa biyu a karɓe lambun a ba na gaba a layin masu jira. Wubbo bai taɓa samun wasiƙa ba, yana kuwa alfahari da haka kamar lambar yabo. Lambunsa a lokacin ya zama daji: waken ya bushe a kan sanda, ciyawa ta kai gwiwa, har ta fara leƙowa cikin nawa. Gwiwata ba za ta iya ba. Sai na tari Ebel, shugaban kwamiti, a bakin famfo. Ebel tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, mutum ne da ke yanke shingensa da igiyar awo.

"Ebel, Asabar ɗin aikin gayya, a sa lamba arba'in da ɗaya a ciki. Kada mutum yana kwance a aika masa wasiƙa."

"Haba, wa zai aika wa Wubbo wasiƙa? Bar mana shi. Za mu mayar da shi kamar tafin hannu."

Ban ce masa komai game da yalo ba. Na san zan kasance a wurin, kuma a ganina jan zare ko makaho ya shafa ya san an ajiye abin ne. Sai aka yi rashin sa'a ranar ta faɗo daidai da ranar haihuwar yayata, wadda ta cika saba'in da biyar. Wanda ya san yayata ya san ba a ƙin zuwa. Na ce in je da wuri, in zauna a da'irar kujeru, in taya kowa murna, in ci kek ɗina in gudu. Aikin gayya ƙarfe tara ake farawa. Ban iso lambu ba sai sha ɗaya da kwata.

Tun daga ƙofar fili na hango ƙasa baƙa wuluk a inda daji yake. Sun nome, sun bi da manjagara, har gefen hanya sun daidaita. An jera sandunan wake an ɗaure. Mutum takwas suna zaune a bakin rumfa da kofunansu, fuska duk annuri, irin na waɗanda suka yi aikin alheri.

"Jantina! Zo ki gani, ki je ki gaya masa," in ji Ebel.

"Ina yalon?"

"Masu kyau biyu muka samu, ga su can a kwando, ki kai masa."

"Masu jan zare nake tambaya."

"Af, ruɓaɓɓun nan? Ai sun tafi juji tun da safe. Barinsu cuta yake jawo wa ƙasa."

Ban zage shi ba, ko da yake na yi niyya. Me zan ce? Garin neman gira aka rasa ido, kuma ni na kawo masu gyaran. Na tambaye shi wane juji, ya nuna na ƙarshe, wanda ake tara takin kowa da kowa. Ya ƙara da cewa sun sassara komai da shebur tukuna, don ya fi saurin ruɓewa, kamar yadda doka ta ce.

Na shiga jujin da rigar zuwa biki. Ebel ya tsaya yana kallona, da na gaya masa abin da suka sare sai ya ajiye kofinsa, ya cire hula, ya shigo shi ma. Sauran suka biyo. Mutum tara, ƙaraminmu ya haura sittin, muna tona sharar lambu ashirin da hannu. Wajen ƙarfe ɗaya muka haɗa abin da ya samu: rabin yalo guda mai zare a jiki, da gutsattsari huɗu da ƙasa ta ɓata. Na ukun ba mu gan shi ba sam.

"Ki ce masa ni ne," in ji Ebel.

"Zan ce masa mu ne. Sa hularka, kanka yana ɗaukar ido."

Ƙarfe huɗu na shiga ta ƙofar baya da kwanon roba a hannu. Renske ta ga rigata, ta ga kwanon, ta kama baki. Wubbo yana kwance, ya rame har zoben aurensa an ɗaure shi da zare a yatsa. Fuskarsa tana wajen taga.

"Warin taki nake ji," ya ce. "Me kika yi?"

Na gaya masa duka, daga famfo har juji, ban rage komai ba. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"An share lambun dai?"

"Kamar tafin hannu."

"To, ba wasiƙa ke nan." Ya ja numfashi. "Yau nawa ga wata?"

"Ashirin da takwas."

"Saura mako biyu su ƙosa. Kai, mutanen nan da tsabta. Da za su iya, da sun goge teku da tsumma." Ya motsa hannu a kan bargo. "Renske, kawo babban kwanon gilashin nan na mamarki, ki cika shi da ruwa. Jantina, kankare cikinsu da cokali, ki zuba, ki murje da yatsu sosai. Sai ki bar shi ya kwanta."

"Sai me?"

"Mai rai yakan nutse. Fanko ne ke yawo a sama."

Na yi yadda ya ce, a kan teburin da ke gefen gadonsa, tsakanin kwalaben magani. Ƙwayoyin ƙanana ne, farare, sun fi ɗari biyu. Na murje, na wanke hannu, muka zauna. Agogon bango yana ta aikinsa. Wata mata ta wuce da kare ta ɗaga hannu, ba wanda ya mayar mata. Bayan minti goma na ɗaga kwanon saitin taga na leƙa ta ƙasa. Gindinsa tas, sai 'yar ƙasa da ta kwanta. Duk suna sama, sun manne da tsokar yalon.

"Nawa a ƙasa?" in ji Wubbo.

Renske tana tsaye a bayan kansa. Ta zaro mini ido, ta ɗaga yatsu biyar, wai in ce haka.

"Babu ko ɗaya," na ce.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, maƙwabci."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Nevzat ya ci musun ke nan." Daga nan ya ce a juya shi ya fuskanci bango, wai hasken ya dame shi.

Renske ta ɗauke kwanon ta kai kicin ta dangwarar a bakin taga, ta biyo ni har ƙofar baya. Ta ja ƙofar falo ta rufe tukuna.

"Gwaggo Jantina, me zai rage ki da kin ce biyar?"

"Ubanki ne fa. Da ya ce a kawo kwanon ya gani da idonsa."

"Da wane idon? Tun shekaranjiya ba ya gani. Inuwa kawai yake rabewa. Cewa ya yi kada a gaya miki, wai za ki fara yi masa magana kamar jariri."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ko a kan ɗanɗanon miyarsa, kuma a raina wannan shi ne mutuncin da ke tsakaninmu. Ranar na rasa ko mutunci na yi masa ko taurin kaina na bi. Na sa ɗaya takalmin na tafi gida.

Lahadi na shiga ƙarfe huɗu kamar kullum, ba ni da rahoton da zan bayar. Bai tambaya ba. Renske ta dafa masa masu kyau biyun nan da man zaitun da tafarnuwa, ya taɓa da harshe ya ce gishiri ya yi yawa. Ebel ya zo da hula a hannu ya tsaya a ƙofar falo.

"Wubbo, ni ne, Ebel. Na zo in ce..."

"Na ji an ce ka daidaita gefen hanya."

"Na daidaita."

"Da igiya?"

"Da igiya."

"To, ka kyauta. Je ka gida."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Litinin ya yi ta barci. Talata da safe, ina shanya kaya a bayan gida, Renske ta leƙo ta kan shinge da rigar barci, ta ce, "Baba ya tafi, Gwaggo. Wajen ƙarfe shida." Na ce mata ina zuwa. Na ƙarasa shanya zanen gadon da ke hannuna, don ba a barinsa a kwando ya yi wari.

Kafin in shiga nas ta riga ta gyara shi. An sa masa shuɗiyar rigar sanyinsa ta zuwa taro, an taje masa gashi gefe guda, abin da bai taɓa yi ba yana raye. An ja labule. Renske tana kan waya da masu shirya jana'iza, tana maimaita adireshi. Na ce bari in dafa gahawa, mutane za su fara zuwa.

Kicin ya cika da kwanukan kwana uku. Na tara ruwa, na fara da kofuna. Da na zo bakin taga sai ga kwanon gilashin nan inda Renske ta dangwarar da shi tun Asabar. Ruwan ya yi kauri, kumfa ta taru a sama, yana tsami. Na ɗauka zan juye a rariya. Ina karkata shi, tsokar da ta saki ta zame ta tafi da fankon, sai na ga wani abu ya rage a gindi bai motsa ba.

Na tsayar da hannuna. Na ƙara ruwa mai kyau a hankali ta gefe, na jira, na tsiyaye. Na sake. Suna nan kwance a ƙasa, sun fi sauran kauri, launinsu ya ɗan yi duhu. Na ƙirga da bakin cokali sau biyu. Na san iri idan ya kwana uku a ruwa yana iya shan ruwa ya nutse ko ba rai a cikinsa. Na kuma san tsoka tana iya riƙe mai rai a sama sai ta ruɓe ta sake shi. Wanne ne a ciki, sai Maris za a sani, kuma wanda ya iya bambancewa da ido yana falo a kwance.

Na goge gindin kwanon da tawul, na ɗauki takardar tace gahawa guda, na wuce Renske a zaure. Ta bi ni da kallo, waya a kunne. Na zauna a kujerar da na saba zama.

"Tara ne, maƙwabci," na ce.

A waje motar kwasar shara ta tsaya, ta ɗaga kwandon shara, ta wuce gida na gaba. Na ɗan buɗe labulen daidai faɗin hannu, na shimfiɗa takardar a dakalin taga kusa da tabaransa. Na riƙa ɗebo su da cokali ɗaya bayan ɗaya, ina ajiyewa nesa da juna don kada su manne in sun bushe.